Nomau Ya Gani, Ya Yi Shiru

A wani ƙauye da ke bakin wani babban tafki, an yi wani mutum mai suna Nomau. Manomi ne, yana da 'yar garkar albasa a fadama, shi da matarsa Lai'atu. Ba mai dukiya ba ne, ba kuma mai faɗa a ji ba, amma duk ƙauyen an san shi da abu guda: yana son kallon tsuntsaye.

Kowace shekara, idan sanyi ya fara ja da baya, bazara ta leƙo, mangwaro ya cika da fure, ruwan kududdufai da na ƙananan fadamu yakan ƙafe. Sai tsuntsayen ƙasar su tattaru a wannan tafki da bakin kogin da ke zuba a cikinsa. Wannan ne lokacin da Nomau yake jira. Da gari ya waye yakan ɗauki wani tsohon tabarau na hangen nesa da ɗansa ya kawo masa daga birni, ya tafi gindin wata giyayya a bakin ruwa, ya zauna.

Daga nan yakan ga kirinjijiya suna sauka garke garke, suna ta fito kamar masu kiran juna. Yakan ga dinya da nauyin jikinta tana kutsawa cikin bado, ga zalɓe tsaye shi kaɗai a ruwa bai ko motsi, ga zakaran ƙeƙuwa yana ta ƙara a kan duk wanda ya gifta. Wani lokaci gauraka biyu su sauka can nesa, su yi ta rawa da tukkunsu. Amma waɗanda suka fi shiga ransa su ne baƙin nan, ƙananan agwagin ruwa da ke zuwa da farkon sanyi daga wata ƙasa mai nisa. A wannan lokaci sukan dage da cin abinci, suna tara ƙarfin komawa arewa. Nomau yakan dube su, ya girgiza kai, ya ce, “Ubangiji, hannunka ya iya aiki.”

A ƙauyen nan kuma akwai wani mutum mai suna Yunana. Dattijo ne a ikilisiya, yana da babbar gonar shinkafar rani a ɗaya gefen tafkin, shi kaɗai ne kuma yake da injin ban ruwa. Duk mai garka a fadamar nan, har da Nomau, wurinsa yake aron inji. A shekarar nan aka fara ganin Yunana yana kawo agwagin ruwa kasuwa, figaggu, masu kitse, da araha. Mutane suka ce ai da raga yake kama su.

Wata rana da safe, Nomau yana zaune a gindin giyayya, sai ya hangi mutum a ƙetare yana watsa wani abu a kan laka. Ya ɗaga tabarau. Yunana ne, da kwano a hannu, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, yana watsa shinkafa. Da ya gama sai ya koma cikin kachala, doguwar ciyawar bakin ruwa, ya ɓuya.

Tsuntsaye suka sauka, suka hau ci. Ba a jima ba wata kirinjijiya ta fara tangaɗi. Ta buɗe fukafukai za ta tashi, ƙafafunta suka ƙi. Ta faɗi, wuyanta ya murɗe, tana shure-shure. Wata ta bi ta, wata kuma ta bi. Baƙin agwagin nan da suka ƙetare hamada lafiya suka zube a kan laka kamar an karkaɗe bishiya. Yunana ya fito da wuƙa, yana bin su ɗaya ɗaya yana yankawa, don a ce yankakku ne, yana cusawa a buhu.

Zuciyar Nomau ta tafasa. Ya miƙe, ya bi gefen tafkin da sauri, yana shirya maganganun da zai faɗa, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi. Amma Yunana ne ya riga shi buɗe baki.

“A'a, Nomau! An fito kallon mutanen naka?”

“Dattijo, me ka zuba musu?”

“Ɗan maganin ƙwari ne. Ka san irin ɓarnar da suke yi mini a shinkafa kuwa? Kai kallo kake yi, ni ake ci.”

“Amma ai kasuwa kake kai su. Mutane ne za su ci.”

Yunana ya yi dariya, ya ɗaure bakin buhu. “Da an zubar da kayan ciki, an wanke, an ɗora a wuta, magana ta ƙare. Wa ka ji ya mutu?” Sa'an nan ya dubi Nomau cikin ido, ya sassauta murya. “Af, na bi ta garkarka jiya. Albasar nan ta fara laushi. Ka zo da yamma ka ɗauki inji.”

Nomau ya tsaya. Ya tuna albasarsa, wadda ita ce hatsinsu na damina, ita ce suturar Lai'atu. Duk maganganun nan masu zafi suka koma cikinsa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “Na gode, Dattijo.”

Ya isa gida yana huci. Akuya ta gifta, ya daka mata tsawa. Ya zauna a kan turmi yana faɗa shi kaɗai. “Mutane ba sa tsoron Allah! Halittar da ba ta yi maka komai ba! Kuma ran Lahadi ka zo ka zauna a gaba!”

Lai'atu ta fito daga madafa. “Baban Rifkatu, kai da wa?”

“Bar shi kawai.”

“To, me aka yi?”

“Na ce ki bar shi. Abu ɗaya zan gaya miki: kada in ga naman agwagwar ruwa a gidan nan. Ko kyauta aka ba ki, kada ki karɓa.”

Ta tambayi dalili, ya ce ya dai faɗa mata. Da yamma kuwa ya je ya ɗauki inji.

Daga ranar nan kallon tsuntsaye ya zama wa Nomau azaba, amma bai fasa zuwa ba. Yakan zauna a gindin giyayya ya ga ana watsa shinkafa, ya ga ana cika buhu. Ya ga shirwa ta ci kayan cikin da aka zubar, ta faɗo daga sama. Ya ga zalɓe kwance a bakin ruwa, ƙudaje sun rufe shi. Kullum fushinsa ƙaruwa yake yi. Yakan yi addu'a Allah ya tona asirin mugu. Ran Lahadi, idan Yunana ya zagayo da kwandon baiko, Nomau yakan kau da kai, ya jefa nasa ba tare da ya dube shi ba, ya koma gida yana jin ya yi wani abu.

Ga shi kuwa, yawan fushin nan ya ruɗe shi. Ya ɗauka tun da ransa yana ƙuna haka, to, shi yana gefen gaskiya. Sau ɗaya ya kama hanyar gidan fasto, amma da ya hangi babur ɗin Yunana a ƙofa sai ya wuce kamar wani wuri za shi. Ya ce a ransa, “Bari in cire albasa tukuna. Da na sa ta a buhu, duk garin nan sai ya ji.” Ya ji ana cewa wance ta kwana da ciwon ciki, wane ya yi ta amai. Ya ce, “Ai sun warke.”

To, akwai wata mace a ƙauyen mai suna Afiniki. Mijinta Iliya magini ne, ya daɗe kwance da zazzaɓi, bai jima da fara samun sauƙi ba. Ya rame ƙwarai, aka ce mata ta riƙa ba shi nama don jikinsa ya dawo. Ina Afiniki za ta sami nama, mai nema yana kwance?

Ran kasuwa Nomau ya gamu da ita a bakin rumfuna, tana riƙe da agwagwa a leda, fuskarta cike da murna.

“Baba Nomau, ina wuni? Ka ga abin da Allah ya ba ni yau. Zan yi wa maigida farfesu.”

Nomau ya dubi ledar. Ya ce, “Afiniki, ki dai wanke sosai. Kayan cikin kuma ki zubar.”

Ta yi dariya. “In zubar da hanta, Baba? Ai hantar zan fara ba shi.”

Nomau ya buɗe baki. A daidai lokacin ya hangi Yunana a rumfar da ke kusa, yana ɗaga masa hannu. Ya ɗaga nasa shi ma. Ya juyo ya ce wa Afiniki, “Allah ya ƙara sauƙi.” Ta ce amin, ta wuce.

Washegari da rana aka ji kuka daga gidan Iliya. Ya ci farfesun da marmari, har ya ce rabonsa da jin daɗin abinci tun kafin ya kwanta. Ba a daɗe ba zufa ta karyo masa, yawu ya riƙa zuba, jikinsa ya kama karkarwa, numfashi ya gagara. Aka ɗora shi a amalanke za a kai shi asibiti, amma rai ya yi halinsa a hanya. Afiniki kuwa romo kawai ta kurɓa, domin ta bar masa naman duka. Ta yi amai, ta rayu.

Lai'atu tana cikin matan da suka je taya ta aiki. Ita ce ta wanke tukunyar. Da ta dawo gida ta sami mijinta zaune a zaure, ya haɗa kai da gwiwa. Ba ta ko ajiye mayafi ba.

“Baban Rifkatu, don me ka hana ni sayen naman agwagwa?”

Ya kau da kai.

“Da kai nake. Me ka sani?”

Sai ya gaya mata duka, tun daga kwanon shinkafa har zuwa gamuwarsa da Afiniki a kasuwa. Lai'atu ta dafe ƙirji. Ta daɗe tana dubansa kamar baƙo.

“Wato ka tsare tukunyarka, ka bar ta mutane. Yau kwana nawa kake cika mini kunne da ‘mutane ba sa tsoron Allah’? Ashe har da kai a ciki! Gobe in an dawo daga jana'iza, ko ka faɗa da bakinka, ko ni in faɗa da nawa.”

Bayan an binne Iliya, maza suka zauna a ƙofar gida, mata suna ciki. Fasto ya ce wani daga cikin dattawa ya yi addu'a. Yunana ya miƙe, ya ɗaga hannuwa, ya yi doguwar addu'a. Ya ce kwana ne ya ƙare, ya ce ba mai ja da nufin Ubangiji, ya roƙa wa gwauruwa haƙuri. Jama'a suka ce amin.

Nomau ya miƙe.

“Ba nufin Ubangiji ba ne,” in ji shi. “Guba ce. Dattijo Yunana ba da raga yake kama agwagin nan ba. Maganin ƙwari yake cuɗawa da shinkafa ya watsa musu. Da idona na gani.”

Yunana ya ce sharri ne, ya ce hassada ce, ya ce mutumin da ke wuni yana kallon tsuntsu ai ba a kama maganarsa. Nomau ya ce a bi shi. Mai unguwa da fasto da wasu maza suka bi shi har ƙetaren tafki. A cikin kachala suka tarar da kwalaben magani, da kwanon, da mushen shirwa da na ungulu, ga wari ya cika wurin.

Da suka komo, labari ya riga ya shiga cikin gida. Afiniki ta fito, mata biyu suna riƙe da ita. Mutane suka buɗe mata hanya, suna zaton Yunana za ta nufa. Ta dube shi sau ɗaya, ta wuce. Gaban Nomau ta tsaya.

“Baba Nomau, tun yaushe ka sani?”

“Tun farkon bazara, 'yata.”

“Ran kasuwa ka sani?”

“Na sani.”

“Ka gan ta a hannuna. Na gaya maka wanda zan dafa wa. Na ce maka hanta zan fara ba shi.” Ta nuna Yunana. “Shi wancan kuɗi yake nema, bai ma san wa ya saya ba. Kai fa? Kai ka dubi fuskata, ka ce mini Allah ya ƙara sauƙi!”

“Afiniki, wallahi raina ya ɓaci a kan abin nan. Kullum cikin fushi nake kwana.”

“Fushinka ya yi mini me? Kalma ɗaya nake bukata. Ka ce, ‘Kada ki dafa.’ Shi ke nan. Da hannuna na ba shi, Baba. Da hannuna!”

Nomau ya durƙusa a ƙasa a gaban jama'a.

Mai unguwa ya miƙa Yunana ga hukuma, ikilisiya ta sauke shi daga dattijantaka, aka kuma yi shela a ƙauyukan bakin tafki cewa kada kowa ya sayi irin naman nan. Inji ya tsaya, rabin albasar Nomau ta bushe, sauran kuma maƙwabta suka taya shi ban ruwa da bokiti har ta nuna. Ba su kwana da yunwa ba a shekarar. Abin da ya ji wa tsoro duka bai wuce nan ba. Afiniki ta koma wurin danginta. Kafin ta tafi Nomau ya je neman gafara, ta ce masa, “Na yafe maka, domin ni ma Ubangiji ya yafe mini. Amma 'ya'yan Iliya za su tambaye ni yadda ubansu ya mutu, ni kuwa ba zan yi musu ƙarya ba.”

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Tafkin nan shi ne inda Allah ya ajiye ka: gidanku, unguwarku, wurin aikinka, har da wannan ikilisiya. Idon da Nomau yake kallo da shi kuwa baiwa ce. Ba kowa ne ya ga abin da ya gani ba. Amma Allah ba ya ba mutum ido don jin daɗin kallo kaɗai. Wanda aka nuna masa kyawun halitta, shi ne kuma aka nuna masa gubar, domin ya faɗa. Ranar da ka ga mugunta, an ɗora maka kaya, ko ka so ko ka ƙi.

Na san da yawa a cikinku kun ji haushin Yunana, ya kuma cancanta. Mutumin da zai watsa guba da safe, ya ɗaga hannu yana addu'a da rana, ya jingina wa Ubangiji aikin hannunsa, hukuncinsa yana jiransa in bai tuba ba. Amma ba domin Yunana na kawo misalin nan ba. Masu watsa guba kaɗan ne a cikinmu. Masu zama a gindin giyayya su ne suka cika kujerun nan.

Kun san maƙwabcin da ke dukan matarsa, kuna jin kukanta ta katanga. Kun san mai sayar da jabun magani. Kun san babban mutumin da ke lalata 'ya'yan mutane, kun hana naku zuwa gidansa, na maƙwabta kuwa kuna kallo suna shiga. Kuna fushi, na sani. Kuna tsaki, kuna zagi a cikin ɗaki, kuna cewa duniya ta lalace. To, ku ji da kyau: fushin da bai fito ya tsare kowa ba, ba adalci ba ne. Zafin rai ne kawai, Shaiɗan ma bai damu da shi ba. Zai bar ka ka yi ta ƙuna har ka tsufa, muddin bakinka yana rufe.

Kowa kuma yana da injin da yake aro. Wani aikinsa ne, wani zumunci, wani kujerarsa a majalisar ikilisiya, wani kawai ba ya so a ce shi ne ya fara. Ba na ce tsoron nan wasa ba ne. Mai faɗin gaskiya yakan yi hasara. Amma wanda ya ciyar da tsuntsayen nan a kan doguwar hanyarsu bai manta da kai ba. Hasarar albasa ana mayar da ita. Iliya bai dawo ba.

Kada kuma wani ya ce, “Zan faɗa in lokaci ya yi.” Nomau ma ya faɗa, gaskiya ya faɗa, a gaban kowa ya faɗa. Amma a bakin kabari.

Saboda haka, in akwai abin da ka gani, wanda tun da na fara magana yake motsi a zuciyarka, kada ka tashi daga nan ka wuce gida ka ci abinci. Ka roƙi Ubangiji ƙarfin hali, ka nemi ɗan'uwa ya raka ka in kana tsoro, ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar da ka sani. Akwai wanda ransa yake rataye a kan kalma ɗaya daga bakinka, shi kuwa bai ma sani ba. Ka je yau.